Farin ƙanzo a gindin buta: taƙaddamar ruwan famfo mai alli a kewayen Paris, da abin da ya shafi Nijar a ciki

A garuruwan da ke kewaye da birnin Paris, ruwan famfo yana zuwa dare da rana, kuma ana shan sa babu fargaba. Sai dai yana ɗauke da alli mai yawa, wanda ke cin sabulu, yana toshe bututu, yana kashe kayan wuta na gida tun kwanansu bai ƙare ba. Hukumar ruwan yankin ta ɗauki niyyar kashe kimanin miliyar 570 na sefa, bisa ƙiyasin 2023, domin tace shi tun daga tushe. Shirin ya raba kan magadan gari da masana da masu biyan kuɗin ruwa, kuma kamfanin da aka danƙa wa aikin sananne ne ga ƴan Nijar.

Duk ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya taɓa sauka wurin ɗan uwa a Saint-Denis ko Aubervilliers, a arewacin Paris, zai iya tuna abin da ya gani ranar da ya buɗe butar dafa ruwan shayi. Gindinta fari fat, da wani ɓawo mai tauri kamar ƙanzon tuwo. Kofunan gilashi, ko an wanke su, sai su bushe da tabo. Bakin famfo ya yi tsatsar fari. In ya shiga wanka, sabulu ba ya kumfa yadda ya saba, in ya fito kuma fata ta yi kaushi. Baƙo yakan ɗauka ƙazanta ce, ko kuwa ruwan ne ya lalace. Masu gida sukan yi dariya su ce masa wannan shi ne calcaire, wato alli, kuma da shi suke zaune shekara da shekaru.

Daga ina allin yake fitowa?

Ruwa ba ya tsami banza. Ƙasar da Paris da kewayenta suke kai, dutsen farar ƙasa ne da alli, waɗanda suka taru tun zamanin da teku ya rufe yankin, shekaru miliyoyi da suka wuce. Da irin wannan dutse aka gina tsofaffin gidajen birnin, kuma ramukan da aka haƙo shi suna nan a ƙarƙashin unguwanni har yau. Ruwan sama, idan ya haɗu da iskar kabon da ke sararin sama da cikin ƙasa, yakan ɗan yi tsami kaɗan. Wannan ɗan tsamin ya isa ya narkar da dutsen a hankali, ruwan ya kwashi sinadarin kalsiyam da na magneziyam. Kogunan Seine da Marne da Oise, waɗanda yankin ke sha daga gare su, duk ta irin wannan ƙasa suke ratsowa.

Muddin ruwan yana da sanyi, allin a narke yake, ido ba ya ganin sa. Da zarar an ɗora shi a wuta, musamman in zafinsa ya haura digiri 55 zuwa 60, sai iskar kabon ta fice, allin ya koma dutse, ya manne a jikin duk abin da ya samu. Shi ya sa ɓarnar ta fi yawa a buta, da tankin ruwan zafi, da injin wanki.

A Faransa ana auna nauyin ruwa da maki. Maki ɗaya yana nufin miligram 10 na alli a cikin lita ɗaya. Ruwan da bai kai maki 15 ba ana ɗaukar sa mai sauƙi, wanda ya wuce 30 kuma mai nauyi ƙwarai. A mafi yawan garuruwan kewayen Paris, ruwan yana tsakanin maki 20 da 30. A yankin Bretagne kuwa, inda ƙasa take ta dutsen fa mai tauri irin na Damagaram, ruwan ba shi da alli sosai.

Lissafin mai sauƙi ne. Ruwa mai maki 25 yana ɗauke da gram 250 na alli a kowace lita 1000. Gidan da ke shan lita 120,000 a shekara, wanda shi ne adadin da hukumomin Faransa ke lissafi da shi ga iyali, kilo 30 na alli ne ke bi ta bututunsa duk shekara. Mafi yawansa yana wucewa da ruwan sanyi, amma ɗan abin da ya tsaya ya isa ya yi ta'adi.

Harajin da ba ya cikin takardar kuɗin ruwa

Abu na farko da ruwa mai alli ke ci shi ne sabulu. Kalsiyam yana kama sabulu ya mayar da shi wani dusa-dusa da ba ya kumfa, ba ya wanki. Sai an ƙosar da allin tukuna sauran sabulun ya fara aiki. Don haka ne a jikin kwalin garin wanki a Turai ake rubuta awo iri uku, na ruwa mai sauƙi, da matsakaici, da mai nauyi. Uwar gida a Saint-Denis tana zuba gari fiye da takwararta ta Bretagne kafin tufafi iri ɗaya su fita, kuma duk da haka tawul yakan bushe da tauri, farin kaya ya dusashe.

Na biyu wutar lantarki. Ɓawon alli ba ya barin zafi ya ratsa shi da sauƙi. Idan ya lulluɓe ƙarfen da ke dumama ruwa, ƙarfen yana daɗewa yana aiki, yana yin zafi fiye da ƙima, daga ƙarshe ya ƙone. A ƙasar da ake watanni ana sanyi, kuma kowane gida yana da tankin ruwan zafi, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Na uku gyara da sauyi. Ƙofofin shawa suna toshewa, famfo yana ɗiga saboda alli ya hana shi rufuwa, dutsen guga mai tururi yana tofa farin gari a kan riga. Ga kuɗin magungunan kankare alli da ake saye a kanti, ga kuɗin mai gyaran famfo, wanda a yankin Paris zuwansa kaɗai ba ya araha.

Na huɗu ruwan kwalba. Iyalai da dama, ganin farin ɓawon nan da jin warin kulorin, sun daina shan ruwan famfo, suna jidar kwalabe daga kanti, alhali lita ɗaya ta ruwan kwalba ta ninka ta famfo tsada sau da yawan gaske. Abin mamaki shi ne wasu shahararrun ruwan kwalba na Faransa sun fi ruwan famfon ɗauke da kalsiyam, kuma da wannan kalsiyam ɗin ake tallar su.

Har a tukunya ana ganin bambanci. Wake yana daɗewa bai nuna ba a ruwa mai alli, domin kalsiyam yana ƙara wa ɓawonsa ƙarfi. Matan ƙasar Hausa da ke jefa ƴar kanwa a tukunyar wake sun daɗe da sanin maganin, ko da ba su san sunan sinadarin ba. Wannan kuma yana nuna cewa ruwa mai alli dabam yake da ruwan kanwa ko ruwan zartsi, duk da mutane kan haɗa su a baki.

Lafiya fa?

A nan ne labarin yake juyawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa wa allin ruwa wata iyaka ta fuskar lafiya ba, domin ba ta ga cutarwa a cikin shan sa ba. Abin da ta ce shi ne, daga kimanin miligram 200 a lita ruwa na iya tara ɓawo a bututu, wanda kuma bai kai miligram 100 ba yana iya cin ƙarfen bututun. Kalsiyam da magneziyam abubuwa ne da jiki ke buƙata domin ƙashi da haƙori da jijiyoyi. Maganar da ake yawan yi cewa ruwa mai alli ne ke sa tsakuwar ƙoda, bincike bai tabbatar da ita ba. Shawarar da likitoci suka fi bai wa mai gudun tsakuwa ita ce ya yawaita shan ruwa.

Batun fata ya fi rikitarwa. An lura a Ingila cewa ƙaiƙayin fata na yara ya fi yawa a yankunan da ruwansu ke da nauyi. Amma wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2011, wanda aka yi kan yara 336, ya nuna cewa sa na'urar rage alli a gida bai ƙara wa yaran sauƙi fiye da maganin da suke shafawa ba.

Ke nan alli ciwon aljihu ne fiye da ciwon jiki. Tambayar da ta rage ita ce aljihun wa.

Mai gida da ɗan haya

Mai hali ya daɗe da samun mafita. Yana sa na'ura a mashigar ruwan gidansa, wadda ke musanya kalsiyam da sodiyam ta hanyar gishiri. Sayenta da kafa ta sukan haura yuro 1000, wato sama da jika 650, ban da buhunan gishiri da kuɗin duba ta kowace shekara. Tana ƙara gishiri a ruwan, kuma in ba a kula da ita ba ƙwayoyin cuta na iya hayayyafa a ciki. Saboda haka dokar Faransa ta ce a gidajen bene na tarayya dole a bar wa kowane mazauni famfon ruwan sanyi da bai bi ta irin wannan na'ura ba.

Ɗan haya a gidajen gwamnati na Seine-Saint-Denis, jihar da ta fi kowace talauci a cikin ƙasar Faransa ta Turai, kuma inda baƙi ƴan Afirka suke da yawa, ba shi da wurin kafa na'ura, ba shi da izini, ba shi da kuɗin. Shi ne ke sayen injin wanki mai araha, wanda ya fi saurin mutuwa. Shi ne kuma mai iyali da yawa, mai wanki kullum. Harajin alli ya fi nauyi a kan wanda ya fi rauni. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu cewa a cire allin a matatar ruwa, kowa ya amfana lokaci ɗaya.

Shirin miliyar 570

Hukumar SEDIF, wadda aka kafa a 1923, ita ce ke shayar da kimanin mutum miliyan 4 a garuruwa sama da 130 na kewayen Paris. Tana da manyan matatu uku: Choisy-le-Roi a bakin Seine, Neuilly-sur-Marne a bakin Marne, da Méry-sur-Oise a bakin Oise. Tun 1999 matatar Méry take amfani da wata irin rariya mai ƙananan ƙofofi, kuma ruwanta ya fi na sauran biyun sauƙi. Yanzu hukumar tana so ta wuce nan, ta kafa dabarar da ake kira osmose inverse, inda ake tura ruwa da ƙarfi ta cikin rariyar da kusan babu abin da ke ratsa ta sai ruwan kansa. Da irin wannan dabara ake mayar da ruwan teku na sha a ƙasashen Larabawa. Alƙawarin hukumar shi ne ruwa tsarkakakke, wanda aka rage masa alli zuwa wajen maki 10, kuma a gaba ba sai an zuba masa kulorin ba.

A 2023 an ƙiyasta aikin a kan yuro miliyan 870. Hukumar ta ce kowane gida zai ga ƙarin yuro 3 zuwa 4 a wata, wato jika biyu zuwa jika biyu da rabi da ɗoriya, amma zai tsira da kimanin yuro 100 ko fiye a shekara ta hanyar ragin sabulu da wuta da gyara da ruwan kwalba. Daga watan Afrilu zuwa Yuli na 2023 an yi muhawarar jama'a a kan shirin, ƙarƙashin hukumar ƙasa mai kula da irin wannan muhawara. A farkon 2024 aka bai wa kamfanin Veolia sabuwar kwangila ta shekara 12, mai darajar sama da yuro miliyar 4, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025. Kamfanin, ƙarƙashin sunaye dabam-dabam, shi ne ke riƙe da ruwan wannan yanki tun kafa hukumar.

Rage alli a matata ba sabon abu ba ne. Ƙasar Holan ta shafe shekaru da dama tana yi. A yammacin Paris ma, matatun Louveciennes da Mont-Valérien sun fara a 2017 da 2018, da wata dabara mai sauƙi wadda ke sa allin ya dunƙule a cire shi. Abin da ya bambanta shirin SEDIF shi ne girmansa da tsadarsa, da kuma cewa ya haɗa da tace ragowar magungunan ƙwari na gona da sinadaran masana'antu da ake kira PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa.

Abin da masu adawa ke cewa

Masu adawa, cikinsu har da hukumar ruwan birnin Paris kansa, wadda ta koma hannun magajin gari tun 2010, suna da hujjoji uku. Ta farko, tura ruwa ta irin wannan rariya yana shan wutar lantarki mai yawa. SEDIF ba ta musa ba, ta dai ce wutar da gidaje za su rage za ta rufe gurbin. Ta biyu, sai an ɗebo ƙarin ruwa daga kogi, kimanin kashi 15 cikin 100, kuma wannan kason zai koma kogin ɗauke da dattin da aka tace, ya gangara wurin garuruwan da ke ƙasa, waɗanda ba su da kuɗin irin wannan matata. A 2022 wakilin gwamnati a jihar Seine-et-Marne ya ƙi ba da izinin wata ƙaramar matatar gwaji a Arvigny, bayan zaɓaɓɓun yankin sun tashi tsaye. Ta uku, ƙarin kuɗin ruwa tabbas ne, kowa zai gan shi a takarda, amma ragin da aka yi alƙawari ya dogara ga mutane su canja hali, su rage awon garin wanki, su daina sayen kwalba. Gidan da dama can ba ya sayen ruwan kwalba, ribarsa ba za ta kai yadda aka faɗa ba.

Birnin Paris ya zaɓi wata hanya: yana biyan manoman da ke kusa da maɓuɓɓugansa domin su rage zuba magani a gona. A ganinsa rigakafi ya fi magani. Wasu garuruwan kewayen kuma, irin su Montreuil da Ivry da Vitry, sun fice daga SEDIF sun kafa hukumomin ruwa na kansu.

Idan aka auna, kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Cire alli a wuri ɗaya ya fi adalci a kan barin kowane gida ya ji da kansa. Amma alli kaɗai bai isa hujjar kashe yuro miliyan 870 ba, tun da akwai dabarun da suka fi araha. Abin da zai iya halatta wannan kuɗi shi ne gubar da ido ba ya gani. An fi tallata shirin da alli ne saboda shi kowa ke gani a butarsa.

Abin da ya shafi Nijar

Veolia ba baƙo ba ne a Nijar. Bayan gyaran fuskar da aka yi wa harkar ruwa a 2001, an raba tsohon kamfanin SNE gida biyu: SPEN mai riƙe da kadarori, da SEEN mai rarraba ruwa da karɓar kuɗi, inda kamfanin na Faransa yake da kashi 51 cikin 100. Kwangilar ta ƙare a ƙarshen 2023, kamfanin gwamnati na NDE ya karɓi aiki a farkon 2024. Tambayar da ake yi a Montreuil, ko ruwa ya zauna a hannun ɗan kasuwa ko ya koma hannun hukuma, Nijar ta riga ta ba da tata amsa. Abin da ya rage shi ne a ga amsar a bakin famfo.

Ba a jayayya cewa damuwar farko a Damagaram ko a unguwannin bayan gari na Yamai ita ce ruwan ya zo tukuna, a huta da layin bido da tsadar ƴan ga-ruwa. Kuma ruwan Yamai, da ake tacewa daga kogin Kwara a Gudel da Yantala, ba mai alli ba ne. Amma yawancin sauran garuruwa da rijiyoyin burtsatse suke sha, kuma kowace rijiya da halin ƙasar da ta ratsa. A Adar akwai dutsen farar ƙasa, wanda da shi ake yin siminti a Malbaza, don haka rijiyar da ta bi ta cikinsa na iya ba da ruwa mai nauyi. Yayin da na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, da tankin ruwan zafi na hasken rana, da bututun ban ruwa na ɗigo suke ƙara yawa, mutane za su ƙara haɗuwa da farin ɓawon nan. Maganinsa a gida ba shi da wuya: ruwan lemun tsami ko farin binegar yana narkar da shi a buta da bakin famfo, kuma tankin da aka tsayar da zafinsa tsakanin digiri 55 da 60 ba ya saurin tara shi.

Babban darasin yana Tibirin Gobir, ƴar tafiya kaɗan daga Maraɗi. Daga 1985, mutanen garin sun shekara goma sha wani abu suna shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai ɗauke da sinadarin fulor da ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, wato miligram 1.5 a lita. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɓawo a tukunya. Dubban yara suka tashi da haƙora masu tabo, wasu da ƙasusuwa a lanƙwashe, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. Masana ruwan ƙarƙashin ƙasa sun san cewa fulor ya fi taruwa a ruwan da ba shi da kalsiyam sosai, wato ruwan da sabulu ke kumfa a cikinsa, wanda uwar gida za ta yaba. Tafasa shi kuma ba ya cire fulor.

Ido da harshe ba su isa su yanke wa ruwa hukunci ba, sai awo. A Faransa, duk da taƙaddamar da ake yi, mazaunin Saint-Denis yana iya zuwa ma'aikatar magajin gari ko ya shiga intanet ya ga sakamakon awon ruwan garinsu, kuma sau ɗaya a shekara ana haɗo taƙaitaccen bayani da takardar kuɗin ruwa. Da waɗannan alƙaluma ne ƴan ƙasa suka iya tsayawa suka yi gardama da hukuma da kamfani a 2023. Wannan ba ya buƙatar miliyar 570. Yana buƙatar ɗakin awo mai aiki, da takarda a manne a ƙofar ma'aikatar magajin gari, da sanarwa a rediyo cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, mai faɗin yawan fulor da ƙarfe da alli da ƙwayoyin cuta a ruwan kowane gari. Yanzu da ruwan birane ya koma hannun gwamnati, mai biyan kuɗin ruwa a Tawa ko Maraɗi yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa ya nemi wannan takarda.